Robar da Na Yanke a Tocilar Gimba

Duk abin da ya fita daga rumfata da alama yake fita. In tocila ce za ka ga na naɗa mata roba a gindi ko na ɗaura mata igiyar fata, in rediyo ce akwai ɗigon jan fenti a bayanta. Ku samarin da kuka cika bakin tasha da teburan gyaran waya kuna yi mini dariya a kan haka, kuma ina jin ku. Kuna cewa tsohon nan ba ya iya gyara abu sai ya ɓata masa fuska. Wani cikinku ma ya ce gyaran tocila ai ba sana'a ba ce, batir ne da ƙwai da makunni, ko akuya aka nuna wa sau biyu za ta iya. Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa zama mai irin wannan bakin. Akwai lokacin da babu wanda ya kai ni tsabtar aiki a Potiskum, kuma tsabtar aikin nan ita ta kai abokina Gimba kabari. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi tun ina da sauran ido.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne kankare tsatsa. Ubangidana Ba Kyari Babarbare ne, rumfarsa tana bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri. Mu 'yan unguwar Hausari ne, kakana da fataucin yadi ya zo garin, amma mahaifina ya duba ya ga in aka bar ni a shago zan sayar da turmi a kuɗin ƙyalle, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Ba Kyari. Wata uku ban taɓa ƙarfen dalma ba. Sanfefa kawai, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, da kwano cike da sifirin ɗin gindin tocila waɗanda ruwan batir ya cinye. In na kankare na miƙa masa sai ya ɗora a harshe, in ya ji tsami-tsami ya jefo mini abina ya ce in sake. Kayan aikinmu duka ba su cika akwatin sabulu ba: sukundireba uku, filaya, almakashin yanka gwangwani, da mita ɗaya wadda allurarta ba ta motsi sai an ɗan mare ta. Ƙarfen dalma a kurfoti muke gasa shi da gawayi, don wutar lantarki a lokacin baƙuwa ce, ta zo ta gaishe mu ta wuce.

Ku da wayoyinku suke da fitila ba za ku san matsayin tocila a wancan zamani ba. Da ita direba yake shiga ƙarƙashin mota, da ita ungozoma take fita, da ita manomi yake duba takalminsa kafin ya zura ƙafa saboda kunama. Mutane sun san tocilarsu kamar yadda suka san hannunsu, kuma kowa da abin da yake ɗaura wa tasa. Wani zare, wani tsumma, wani laya. Ba Kyari ba ya taɓa waɗannan abubuwa. Zai gyara ciki tsaf, ya mayar da tsumman mutum yadda ya same shi, da dauɗarsa da komai. Wata rana na tsinke wani ƙazamin zare a tocilar wani mai gadi, sai da Ba Kyari ya ƙwala mini filaya a bayan hannu.

Ya ce, "Sale, abin da mai kaya ya ɗaura da hannunsa kada ka kwance sai ka tambaye shi. Kai da rana kake ganin tocila, shi da dare yake lalubenta."

Na ce to, amma a raina na ce ƙazanta ce kawai irin ta tsofaffi. Da idonsa ya yi rauni ya koma gida, rumfar ta dawo hannuna, sai na shiga yin aiki yadda nake so. Tocila ta zo mini a lotse, in buga ta ta miƙe, in goge ta da toka da ɗan mai har mutum ya ga haƙoransa a jikinta. Ɗinkin dalmata ba a ganinsa. Mutane suka sa mini suna Injiniya, ni kuwa kaina ya ɗauka.

Tocilar da ta fi kowace zuwa wurina ita ce ta Gimba. Mafarauci ne, mutumin Karai-Karai daga wani ƙauye bayan Mamudo, gajere mai faɗin ƙirji, dariyarsa tana riga shi isowa. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta rumfata, wani lokaci da gasasshiyar zabuwa a burgaminsa, wani lokaci da zuma a kwalbar magani. Tocilarsa ta ƙarfe ce mai cin batir uku. Bakin murfin gindinta ya cinye ba ya kamawa, sai ya yanko robar tayar keke ya naɗe wurin, naɗi a kan naɗi har ya yi gammo. Na sha ce masa ya bari in gyara murfin in raba shi da wannan abin kunya.

Sai ya ce, "Injiniya, bar shi da rawaninsa. Kai ka gyara ciki, waje nawa ne."

Haka Hausarsa take, tocila namiji ce a bakinsa, matarsa ma wani lokaci namiji ce. Ni in tsokane shi da wannan, shi ya tsokane ni da cewa Bahaushen birni ko fitsari zai fita da dare sai ya tashi matarsa ta raka shi. Shekara tara muna haka.

Mummunar shekarar ta zo ne 'yan shekaru bayan an ba mu jiha, ana tsakiyar mulkin soja. Mai ya yi wuya, batir ya yi tsada har mutane suna shanya tsofaffi a rana don su ƙara kwana ɗaya. A daminar nan ɓarayin shanu suka addabi fatake. Akwai wani fili ta wajen Mamudo inda ake tara shanu su kwana kafin a shigo da su kara, kasuwar shanu, da safe, kuma gero ya yi tsawo ya kewaye shi ta ko'ina. Ɓarayin da bindigogi suke zuwa, kuma sun gane abu biyu: in mai gadi ya haska tocila sai su harbi hasken, in ya yi magana sai su harbi muryar. Sun raunata mutum biyu. Fatake suka ɗauki mafarauta gadi, Gimba yana ciki. Shugabansu, wanda kowa ke kira Sarkin Baka, ya kafa doka. Babu magana, babu tafiya da tocila a kunne. In mai tsaro ya ji motsi zai yi fito irin na tsuntsu. In mai motsin namu ne, sai ya tsaya ya haska ƙirjinsa sau uku, gajeru, a ga fuskarsa. In an yi fito biyu ba a ga haske ba, mai tsaro ya yi abin da ya ga dama.

Wata Alhamis da yamma Sarkin Baka da Gimba suka shigo rumfata da wani abu naɗe a buhu, suka ce in sauke labule. Wani Alhaji mai kai shanu kudu ne ya sayo shi a hannun ma'aikatan jirgin ruwa. Baƙin abu ne mai nauyi, tsawonsa kamar kwalbar lemo, da gilashi gaba da baya, rubutun jikinsa ba boko ba ne ba ajami ba. In ka kunna sai ya yi wani siririn kuka kamar sauro, in ka sa ido sai ka ga duniya ta koma kore shar, dare ya zama kamar bayan la'asar. Mafarautan sun riga sun raɗa masa suna idon mujiya. Matsalarsa ɗaya. In akwai farin wata ko taurari yana gani, in hadari ya rufe sama sai ya makance.

Sarkin Baka ya ce, "Kuma ɓarawo ba ya zuwa da farin wata. Akwai wata 'yar fitila a gefensa, ta mutu. Ko ka tashe ta, ko mu mayar wa Alhaji kayansa."

Kwana tara na yi a kan abin nan. 'Yar fitilar ta ƙone, kuma babu irin ƙwanta ko a Kano. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gilashin gabanta baƙi ne wuluk. Wane irin mahaukaci ne zai yi fitila ya rufe ta da baƙin gilashi? A kwana na shida, ina zaune a ɗaki na rufe ƙofa na toshe taga, idona a cikin madubin idon mujiyan nan, sai gwiwar hannuna ta danne rimot ɗin wata bidiyo da aka kawo gyara. Sai na ga bakin rimot ɗin yana walƙiya kamar ana walda. Na cire ido, ban ga komai ba. Na mayar, ga shi nan yana walƙiya. Sai da na yi a'uziyya. Ranar na san akwai hasken da Allah ya halitta bai ba idon ɗan Adam ikon ganinsa ba. Daga baya na ji masu boko suna ce masa infirared.

Hasken rimot bai kai taku biyar ba, ni kuwa ina neman wanda zai ratsa fili. Sai na yi tunani, tunda waccan fitilar ƙwai ne na sosai aka rufe da baƙin gilashi, ke nan ƙwan tocila ma yana fitar da wannan ɓoyayyen haske tare da wanda muke gani. Abin da ake buƙata shi ne matacin da zai tare ɗaya ya bar ɗaya. Na gwada baƙar leda, ta narke. Na gwada gilashin da na turara da hayaƙin aci-balbal, ya tare duka biyun. Na gwada takardar kabon. A ƙarshe mai hoton da ke maƙwabtaka da ni ya zubar da shararsa, na tsinci baƙar wutsiyar fim, wadda haske ya ƙona kafin a wanke. Na yanka ta da'ira-da'ira. Falle ɗaya, jan haske yana fita. Falle biyu, saura kaɗan. Da na jera uku sai tocila ta mutu a ido, amma a cikin madubin ɗakina ya cika da haske har ina ƙirga tururuwa a bango.

Alhaji ya aiko da sabuwar tocila mai batir uku, irin ta Gimba sak, don ita ce mai ƙarfi a kasuwa a lokacin. Na jera fallayen nan uku a bayan gilashi, na danne su da zoben ciki, na goge. Ko ni da na yi, in ba na juya ta na kalli bakinta da rana ba, ba zan ce an taɓa ta ba. Sarkin Baka ya jujjuya ta ya ce ko za a yi mata wata alama. Na ce babu buƙata, ta Gimba ce kaɗai irinta a cikinsu, kuma ta Gimba ko makaho ya san ta da robarta. Maganar da na faɗa ke nan da bakina, a gaban mutum biyu.

Aiki da abin nan ba sa ido kawai ba ne, shi ya sa suka ce ni zan riƙa bin su ina riƙe shi. Ba a buɗe shi da rana, ba a kallon fitilar mota da shi, zai ƙone. Tocilar mai baƙin fim, wadda muke ce wa baƙar tocila, ba a riƙe ta kusa da fuska, nesa ake miƙa hannu, kuma ba a haska ganyen da ke kusa, don ganye yana mayar da hasken ya wanke maka ido. Idanun shanu suna ƙyalli kamar an watsa kwabbai a fili. Sai ka koyi duba abin da ke tsaye da ƙafa biyu a tsakaninsu. Akwai kuma abu ɗaya da na sani amma ban ba shi muhimmanci ba: a cikin madubin duk haske kore ne. Ba ya gaya maka wannan kowa yana ganinsa, wancan kai kaɗai ne. Ni kuwa ɗabi'ata in na sa idon dama sai in runtse na hagu.

Sau biyu abin ya yi mana rana. A dare na biyu na hango mutum huɗu suna rarrafowa ta cikin gero, na taɓa Sarkin Baka na nuna masa wurin, aka saki wuta sama ta ɓangare uku a lokaci ɗaya. Suka watse har ɗaya ya bar takalminsa. Ba a zubar da jinin kowa ba, ba a ɗauki ko maraƙi ba. Gimba ya rungume ni ya ɗaga ni sama, ya ce daga yau ya yafe mini tsoron duhu. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar wannan dare ba.

Bayan mako uku, ranar wata Talata, Gimba ya kawo tocilarsa makunni yana wasa, ya ajiye ya tafi kasuwa sayen gishiri. Na gyara makunnin cikin minti goma. Sai na zauna ina kallon robar nan. Ina da wani murfi mai kyau da na cire daga wata matacciyar tocila, na gwada ya shiga daram. Na ce wannan mutum ya ɗaga ni sama a gaban jama'a, bari in yi masa abin arziki. Na sa reza na yanke robar, ta faɗi ƙarƙashin tebur. Na buga lotsawar, na goge ta da toka da mai. Da ya dawo na miƙa masa ina jiran yabo.

Ya jujjuya ta a hannu, ya shafa gindin da babban yatsa. Ya ce, "Injiniya, ka tuɓe masa rawani." Sai ya yi dariya, ya ce, "To, ya zama ɗan birni kamar kai." Ya jefa ta a burgami. Bai yi fushi ba, kuma babu ɗayanmu da ya tuna da ɗaya tocilar.

A daren nan aka tara shanu da yawa saboda kasuwar gobe. An yi ruwa da yamma, ƙasa ta jiƙe. Muka zauna a kan buhu a gindin wata tsamiya muka ci ɗan abin da muka zo da shi, kowa ya ajiye kayansa a gabansa. Da aka tashi rabon wurare, Sarkin Baka ya tura Gimba ya zagaya ta yamma ya dubo ƙarshen garken ya dawo. Gimba ya laluba kan buhu ya ɗauki tocila, ni ma na laluba na ɗauki wadda ta rage na zura a aljihu. Audu, wani dogon saurayi mai saurin hannu wanda Gimba ne ya koya masa harbi, aka ajiye shi ta bakin kwari da bindigarsa ƙirar maƙera. Ni ina kan wani ɗan tudu, kamar taku sittin daga wurinsa. Taurari sun ɗan fito, madubin yana gani da kansa, don haka ban kunna tocilar aljihuna ba, ina tattalin batir.

Ruwan yamma ya yanke hanyar da Gimba ya kamata ya dawo ta ita, sai ya biyo ta cikin kwarin, inda ba a sa ran kowa sai ɓarawo. Na gan shi tun yana hawowa, na gane tafiyarsa. Na ji Audu ya yi fito. Gimba ya tsaya cak, ya juya tocila ya haska ƙirjinsa sau uku, yadda doka ta ce. Na ga gemunsa, na ga layun wuyansa, na ga har yana ɗan murmushi. Na ce a raina, to, ya amsa. Hankalina kwance.

Sai na ji Audu ya sake fito. Na ce wannan yaro makaho ne? Ga haske kamar rana. Gimba ya ɗago tocilar ya juya bakinta ya kalla, ya danna. Hasken ya cika masa fuska, cikin ƙwayar idonsa, amma bai ƙifta ba. Fiye da shekara goma ina haska tocila a fuskar mutane, ban taɓa ganin wanda bai ƙifta ba. A nan na buɗe idona na hagu. Babu komai a bakin kwarin sai duhu.

Abin da kowane mai tocila yake yi in ta ƙi kamawa shi Gimba ya yi. Ya buga ta a tafin hannunsa. Ƙarfe ya yi ƙara, ƙwas, ƙwas, kamar ana ɗana kunamar bindiga. Na buɗe baki na ƙwala sunan Audu, amma muryata da ƙarar bindigar tare suka fita.

Da na isa wurin na zaro tocilar aljihuna na danna, sai farin haske ya zubo a kansa, tocilarsa ce da na goge da rana. Harbin a ciki ya same shi. Audu ya yar da bindiga yana birgima a cikin taɓo yana kiran Baba, Baba. Sai da aka yi tafiya har Mamudo kafin a sami mota mai ɗan mai a tanki. A bayan motar kansa yana kan cinyata, ya buɗe ido ya gane ni.

Ya ce, "Injiniya, tocila ya ƙi."

Kafin mu ga fitilun Potiskum ya cika.

Da asuba Sarkin Baka ya ja ni gefe. Na gaya masa duk abin da na gani. Ya ce zamanin soja ne, in hukuma ta ji muna da irin wannan madubi za a ce kayan yaƙi ne, za a kwashe mu duka har da Alhaji, kuma ba mai sake ganinmu. Ya ce Gimba ya riga ya tafi, kada a ƙara wasu a kansa. Aka jefa idon mujiya a wata tsohuwar rijiya. Abin da aka faɗa wa hukuma da jama'a shi ne an yi fito biyu bai amsa ba. Na yarda, kuma ba don Alhaji ko Audu na yarda ba, tsoro ne ya kama ni. An tsare Audu 'yan watanni aka sake shi, bai ƙara riƙe bindiga ba. Baƙar tocilar kuwa wani ya cire ta daga hannun Gimba ya sa a burgaminsa, aka kai gida da sauran kayansa. Ba wanda ya kula da ita, tocila ce da ba ta kamawa.

Bakin mutane bai tsaya inda muka ajiye shi ba. Da fari aka ce tsufa ne ya sa ya manta doka. Daga baya aka fara tambaya, me ya kai shi kwari, hanyar ɓarayi? Me ya sa bai amsa ba in ba shi da abin ɓoyewa? Kafin kaka har a teburin mai shayi na ji ana cewa dama da ɗan gari ake satar shanun nan. Ina zaune da kofi a hannu, na san mutumin nan ya amsa sau uku, na shanye shayina na tashi. A rumfa kuwa ɗinkin dalma ya daina yi mini kyau. Na rame har mahaifiyata ta fara nema mini rubutu.

Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, wata mata ta tsaya a bakin rumfata da rana tsaka, ta yi sallama. Ban taɓa ganinta ba, amma da ta kwance bakin mayafinta ta fito da tocilar na san ko wace ce. Asabe ce, matar Gimba, fitarta takaba ke nan.

Ta ce, "Malam, kai ne Injiniya? Maigida ya ce kai kake gyara masa. Na sa sabon batir ba ta kama ba. Gidan da duhu, ga yara."

Na karɓa. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Na kwance zoben gaba, na sa bakin sukundireba na ɗago fallayen fim ɗin nan uku, na ajiye su a kan tebur, na mayar da gilashi. Na danna, ta kama, haske fari tas a tafin hannuna. Ta dubi baƙaƙen fallayen ta ce mene ne wannan. Da na so, da na ce datti ne. Sai na ji bakina yana gaya mata komai, tun daga buhun da aka shigo da shi har zuwa bakin kwari. Na ce mata, "Mijinki ya amsa. Sau uku, yadda aka ce a yi. Na gani da idona, ni kaɗai na gani."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Wata huɗu da kwana goma ina zaune a ɗaki, mata suna shigowa gaisuwa suna kallon ƙasa. Ɗana ya daina zuwa ɗiban ruwa don abin da ake ce masa. Kai kana nan da wannan magana a bakinka?"

Juma'ar da ta biyo na hau mota na je ƙauyensu, na tsaya a ƙofar masallaci bayan an idar, na faɗi abin da na faɗa mata, da fallayen fim ɗin a hannuna. Sarkin Baka bai ƙara yi mini magana ba har ya mutu. Hukumar da muke tsoro ko tambaya ba ta yi ba. Wasu sun gaskata ni, wasu suka ce wane irin haske ne ido ba ya gani, Bahaushe ne kawai yake wanke abokinsa. Tun daga lokacin nake sa wa aikina alama, kuma abin da mai kaya ya ɗaura ba na taɓa shi. Ku ci gaba da dariya, ba komai.

Amma ba zuwa masallacin ne yake dawo mini ba in na zauna shiru. Abin da Asabe ta tambaye ni ne kafin ta tafi. Ta ɗauki tocilar za ta ƙulle a mayafi, sai ta shafa gindinta da yatsa, daidai inda shi ma ya shafa. Ta ce, "Ina robar da take nan?"

Na jawo tsohuwar tayar keke da sauri na ce yanzu zan yanko sabuwa in naɗa mata.

Ta ce, "A'a. Waccan da hannunsa ya naɗa. Ita nake so."

Na durƙusa na shiga ƙarƙashin tebur ina laluben ƙasa, ina ɗaga akwatuna, ko da yake na san wata huɗu ke nan kullum da safe ni da kaina nake share wurin. Tana tsaye tana jira.